Iskandariyya: a je a dawo a yini ɗaya, ko a kwana?

Tambaya: Na rako mahaifina asibiti a Alƙahira, likita ya ce mu dawo bayan kwana biyar. Ya samu sauƙi, yana tafiya da ƙafarsa ko da yake yana saurin gajiya. Wani direba ya ce zai kai mu Iskandariyya da safe ya dawo da mu da dare. Muna ƙarshen watan Oktoba. Zuwan yana da amfani? Me ake gani a can, kuma yini ɗaya ya isa?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri kan hidimar da kake yi masa. Ku je, amma ba irin zuwan da direban nan ya tsara muku ba. Ku kwana biyu. Tsakanin Alƙahira da Iskandariyya kusan kilomita 220 ne ta hanyar sahara, in ka haɗa da cunkoson fita daga Alƙahira da na shiga Iskandariyya, awa shida ko bakwai na yininku a cikin mota za su ƙare. Abin da ya rage sai a yi ta jefa ku daga wannan ƙofa zuwa waccan, a ɗauki hoto, a ce ku hau mu tafi. Na sha ganin baƙi sun dawo daga irin wannan tafiya suna cewa ba su ga komai ba, kuma gaskiyarsu ne. Ga mai jinya ma wahala ce zalla.

Dalilin da ya sa yini ɗaya ba ya isa yana cikin yanayin garin. Wanda ya ga dalar Giza yana zuwa Iskandariyya da tsammanin zai tarar da manyan gine-ginen da a tsaye suna jiransa. Ba zai same su ba. Iskandar Mai Girma ya kafa birnin a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma kusan shekara dubu shi ne babban birnin Masar, amma wancan tsohon birni na Girkawa da Rumawa yanzu wani sashensa yana ƙarƙashin benayen da mutane ke ciki, wani kuma yana ƙarƙashin ruwa. Girgizar ƙasa ta ci rabonta, ambaliyar teku ta shekarar 365 ta ci nata, ƙasar bakin gaɓa kuma ta yi ta nutsewa a hankali. Sauran duwatsun magina na kowane zamani suka kwashe suka yi sabon gini. Saboda haka garin ba ya nuna kansa ga mai sauri. Sai an taka, an zauna, an san abin da yake ƙarƙashin inda ake tsaye.

Ku hau jirgin ƙasa daga tashar Ramsis. Mai sauri yakan yi awa biyu da rabi zuwa uku, akwai sanyaya ɗaki da kujerar da dattijo zai miƙe ƙafa, kuma yana ratsa gonakin da ke bakin kogin Nilu ta Banha da Ɗanɗa da Damanhur. Wannan layi shi ne layin dogo na farko a Afirka, an kammala shi a 1856. Baƙi suna biyan kuɗin tikiti fiye da 'yan ƙasa, kada ka ɗauka cutarka aka yi, ka kuma riƙe fasfo a hannu. Jirgin zai fara tsayawa a Sidi Gabir, inda yawancin fasinjoji ke sauka. Ku bar su su sauka, ku zarce tasha ta ƙarshe, Mahaɗɗat Misr, wadda take tsakiyar tsohon gari.

Birni ne dogo marar faɗi, kamar an shanya rawani a bakin teku: Bahar Rum ta arewa, tafkin Maryut ta kudu, mutum fiye da miliyan biyar a matse a tsakani. Titin bakin teku, wanda suke kira Kurnish, ya haura kilomita 15 daga sansanin Ƙaitbai zuwa Muntaza. Wannan ne ya sa wurin sauka yake da muhimmanci. Manyan otal na zamani suna can gabas, wajen San Istifano da Muntaza, kuma wanda ya sauka can kullum sai ya sha doguwar tafiya kafin ya iso inda tarihin yake. Ku nemi masauki a tsakiyar gari, kusa da unguwar Mahaɗɗat Raml ko dandalin Sa'ad Zaglul. Nan otal ɗin Cecil yake tun 1929, akwai kuma ƙananan masaukai masu sauƙin kuɗi a saman tsofaffin benaye. Kafin ka biya, ka hau na'urar hawa bene da kanka ka tabbata tana aiki, saboda Baba. Wasunsu sun girmi kakanninmu.

Yammacin da kuka isa, ku nufi unguwar Bahari, dandalin da ake kira Midanul Masajid. A ganina nan ne zuciyar tafiyar ga Bahaushe, kuma nan ne masu yawo da Turawa suke tsayawa minti goma su wuce. Babban masallacin na Abul Abbas al-Mursi ne, mutumin Mursiya ta Andalus, almajirin Shehu Abul Hasan ash-Shazali kuma magajinsa, wanda ya rasu a Iskandariyya wajen shekarar 686 bayan Hijira. Ginin da ake gani yanzu ba tsoho ba ne sosai, an gama shi a shekarun 1940, kuma masu zanen gine-gine biyu 'yan Italiya, Eugenio Valzania da Mario Rossi, su suka tsara shi. Ka shiga ka ɗaga kai ka dubi rufin, ka dubi ginshiƙan dutse da suka riƙe tsakiyar. Taku kaɗan daga nan akwai ƙaramin masallacin Imam al-Busiri, mai ƙasidar Burda, wanda shi ma almajirin al-Mursi ne. An rubuta baitocin ƙasidar a jikin bango, kuma dattijon da ya taso yana jin ana rera su a maulidi zai iya bin su da ido ba tare da an karanta masa ba. Wasu masana tarihi suna cewa a Alƙahira al-Busiri ya rasu, amma kabarin da aka fi sani da sunansa kuma ake ziyarta shi ne wannan. Na ukunsu shi ne Sidi Yaƙut al-Arsh, Bahabashe, wanda ya zama ɗaya daga manyan almajiran al-Mursi. Ko Baba ɗan ɗariƙa ne ko ba ya cikin masu ziyarar kabari, masallatai ne da ake salloli biyar a ciki, ku yi magariba a nan ku zauna a farfajiya iskar teku ta buge ku.

Akwai wata alaƙar da ba a cika ambata ba. Iskandariyya ita ce ƙofar da malaman Magrib da Andalus suke shigowa gabas, don haka ta daɗe tana cibiyar mazhabar Malikiyya a Masar. Abubakar aɗ-Ɗurɗushi ya zauna ya karantar a nan har ya rasu a 1126. Ibnul Hajib, wanda Shehu Khalil ya yi wa littafinsa na fiƙihu sharhi kafin ya rubuta Mukhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukanmu, shi ma a nan ya rasu a 1249. Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya ɗauki Mukhtasar, wani yanki na karatunsa ta wannan gari ya biyo.

Washegari da sassafe ku tafi sansanin Ƙaitbai, kafin motocin 'yan makaranta su iso. Wurin da yake tsaye a da tsibiri ne mai suna Faros. Magina na farko suka cike teku suka yi hanya mai tsawon fiye da kilomita ɗaya ta haɗa shi da gaɓa, sai hanyar ta raba ruwan gida biyu, aka sami tashar jiragen ruwa ta gabas da ta yamma. Yashi da laka suka yi ta taruwa a gefen hanyar har ta zama ƙasa, kuma unguwannin Manshiyya da Bahari a kanta suke zaune yau. A ƙarshen tsibirin aka gina hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, wajen shekara ta 280 kafin haihuwar Annabi Isa, tsayinta ya haura mita 100, ana lissafa ta cikin abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya. Ta yi shekara fiye da 1,500 kafin girgizar ƙasa ta 1303 da ta 1323 su karya ta. Ibn Baɗɗuɗa, wanda daga baya ya ratsa Mali da Takedda, ya gan ta a 1326 gefe ɗaya ya rushe. Da ya dawo a 1349 ko ƙofarta bai iya kaiwa ba. Sarkin Mamaluka al-Ashraf Ƙaitbai ya sa aka gina sansanin a kan harsashinta daga 1477, don tsoron jiragen yaƙin Turkawa. In ka lura da bakin ƙofar shiga za ka ga manyan jajayen duwatsu da ba su yi kama da sauran farin dutsen ba, ana kyautata zaton ragowar tsofaffin gine-ginen wurin ne. Sauran suna cikin ruwa a gindin sansanin, inda masu nutso ƙarƙashin jagorancin Bafaranshe Jean-Yves Empereur suka fara ƙididdige su a 1994, suka fito da gumaka da ginshiƙai.

Baba ba sai ya hau sama ba. Akwai ƙaramin masallaci a hawa na ƙasa da inuwar zama a fili. Kai ka hau ganuwar, daga can za ka ga yadda tashar gabas ta lanƙwashe da jiragen masunta masu fenti kala-kala, da rufin babban laburaren garin a ɗaya ƙarshen. Tulin kankare da za ka gani an jibge a gindin bango na kare ginin ne daga igiyar ruwa, don teku na ci gaba da cin gaɓar.

Tashar yamma ita ce ta kasuwanci, ita da Dikhaila da ke gaba da ita, kuma ta nan kaso mafi girma na hajar da Masar ke shigarwa da fitarwa ta ruwa yake bi. Ba a shiga, kuma kada ka ɗaga waya ka ɗauki hotonta, ko na sojoji, ko na fadar Ra'asut Tin da ke kusa. Ba wasa suke yi da wannan ba. Daga wannan fada Sarki Faruƙ ya sauka daga mulki ya hau jirgin ruwa ya bar ƙasar ran 26 ga Yuli 1952.

Wani abin da yake ba baƙi mamaki shi ne tsakiyar garin ya fi kama da kudancin Turai. Bayan Amru ɗan Asi ya ci birnin wajen 642 an mayar da hedikwata Fusɗaɗ, inda tsohuwar Alƙahira take a yau, Iskandariyya ta ci gaba da zama tashar fatauci, amma a zamanin Usmaniyya ta yi ta ƙanƙancewa, har lokacin da Napoleon ya sauka a 1798 mutanenta 'yan dubbai ne. Muhammad Ali Basha ya farfaɗo da ita da ya sa aka haƙa magudanar Mahmudiyya, aka gama a 1820, ta kawo ruwan sha da jiragen kaya daga Nilu. Sai auduga. Da yaƙin basasar Amurka ya tsayar da audugar can a shekarun 1860, masaƙun Ingila suka koma kan ta Masar, kuɗi ya kwararo, Girkawa da 'yan Italiya da Siriyawa da Armeniyawa da Yahudawa suka cika gari. Jiragen yaƙin Ingila sun yi wa birnin ruwan wuta ran 11 ga Yuli 1882 lokacin boren hafsan sojan Masar Ahmad Urabi, tsakiyarsa ta ƙone, kuma yawancin benayen da ke kewaye da dandalin Manshiyya bayan nan aka gina su. A wannan dandali Jamal Abdul Nasir ya yi jawabin ƙwace mashigin Suwais ran 26 ga Yuli 1956, kuma cikin shekarun da suka biyo baya yawancin baƙin nan suka tattara suka tafi. Sun bar benayensu da shagunan shayi da kek, wasu har yau da sunayen Girkanci a ƙofa. Ku taka titin Fu'ad, wanda yake bin sawun babban titin birnin na farko, ku juya titin Nabi Daniyal inda masu sayar da tsofaffin littattafai suke. A wannan ɗan yanki akwai masallaci, da babban cocin Kibɗawa na Markus, da wurin ibadar Yahudawa da aka gyara aka buɗe a 2020.

Laburaren Iskandariyya kuwa, wanda ya gaji sunan shahararren tsohon laburaren birnin na zamanin Girkawa, sabo ne, an buɗe shi a Oktoba 2002. Wani kamfanin Norway mai suna Snøhetta ya zana shi kamar faifai da ya karkato yana fitowa daga ƙasa, bangon wajensa na dutsen Aswan an sassaƙa masa haruffan rubuce-rubucen duniya kusan 120. Zauren karatun hawa-hawa ne, yana ɗaukar mutum 2,000, kuma akwai sashen rubuce-rubucen hannu na Larabci da zai burge duk wanda ya san darajar tsohon littafi. Shi ne wuri mafi sauƙi ga Baba, akwai na'urar hawa da wurin zama. Ka tambayi lokacin buɗewa a otal kafin ku fita, musamman in ranar Juma'a ce ko Asabar. Za ka iya jin wani mai rakiyar baƙi yana cewa Amru ne ya ƙone tsohon laburaren bisa umarnin Halifa Umar. Wannan labari bai bayyana a rubuce ba sai a ƙarni na 13, kusan shekara ɗari shida bayan cin garin, kuma masana tarihi na gabas da na yamma sun yi watsi da shi. Wuta ta ci wani sashe a yaƙin Yuliyus Kaisar na Rum na shekara ta 48 kafin haihuwar Annabi Isa, yaƙe-yaƙen Rumawa da rashin kulawa suka ƙarasa saura, reshensa da ke haikalin gunkin Sirabis kuma ya tafi da rushe haikalin a 391. A tsohon laburaren ne masanin Girka Iratostinis yake aiki lokacin da ya auna kewayen duniya da inuwar rana, a garin kuma Iƙlidis ya karantar da lissafi.

Inda haikalin yake yanzu ginshiƙi ɗaya ne ya rage, Amudus Sawari, jan dutsen Aswan mai tsayin kusan mita 27 da aka kafa don Sarkin Rum Diyokletiyan. In lokaci ya ƙure ana iya tsallake shi, rana ce da tudu. Kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kom ash-Shuƙafa da ke kusa sun fi shi abin kallo nesa ba kusa ba: hawa uku aka sassaƙa cikin dutse a ƙarni na 2, da zane-zanen da suka cakuɗa al'adar Fir'aunoni da ta Girkawa da ta Rumawa, har ka ga gunkin Masar mai kan dila sanye da sulken sojan Rum. An gano su a 1900. Sai dai matakala ce mai murɗewa zuwa ƙasa, ga danshi, ban ba da shawarar Baba ya sauka ba. Kom ad-Dikka, wanda yake dab da tashar jirgin ƙasa, ya fi dacewa da ku biyun. Masu tonon tarihi daga Poland suna aiki a wurin tun 1960, sun fito da ɗan dandali mai kujerun marmara da ɗakunan karatu na zamanin Rumawa, kuma daga bakin titi za ka ga zurfin da tsohon garin ya yi a ƙasa. Gidan tarihin Girkawa da Rumawa, wanda aka rufe a 2005, an sake buɗe shi a Oktoba 2023, awa biyu a cikinsa ba asara ba ce. Wuraren tarihi da yawa a Masar sun daina karɓar tsabar kuɗi a ƙofa, ka tabbata kana da katin banki da yake aiki a waje.

Lambun Muntaza da fadojinsa, ɗaya ta 1892 ɗaya ta 1932, wurin shan iska ne mai kyau in kun sami yammaci na biyu a sake. In ba ku samu ba, ba ku rasa tarihi ba.

Kun dace da lokaci. Da bazara mutanen Alƙahira suke kwararowa gudun zafi, masauki ya yi tsada, bakin ruwa ya cika maƙil. Daga tsakiyar Nuwamba kuma ake shiga lokacin nawwa, wato guguwar hunturu mai ruwan sama da iska, wadda masunta suka san kwanakinta har kowace da sunanta: Maknasa a Nuwamba, Ƙasim a farkon Disamba, Faida Kabira a Janairu, Awwa a ƙarshen Maris. In ta taso igiyar ruwa har kan Kurnish take watsowa, wani lokaci a rufe tashar jiragen ruwa. Ƙarshen Oktoba tsakani ne, rana mai daɗi, dare mai ɗan sanyi da danshi. Ka ɗaukar wa Baba rigar sanyi.

Abinci kifi ne. A Bahari za a kai ka gaban ƙanƙara ka zaɓa da hannunka, a auna, sannan a tambaye ka yadda za a yi shi: mashwi gasasshe, maƙli soyayye, ko singari wanda ake buɗe shi a gasa da albasa da tumatir. Ka tambayi kuɗin kilo kafin a ɗora a sikeli, ka kuma san za a ƙara kuɗin hidima da haraji. In an kawo kifin buri baƙi ƙirin kada ka mayar, da dusa ake gasa shi, ɓare fatar ake yi. Ana cinsa da jar shinkafa da suke kira sayyadiyya. Jatan lande da ƙaguwa suna nan ga mai so. Kibda Iskandarani, hanta da tafarnuwa da barkono a cikin burodi, ita ce abincin titi da garin ya yi suna da shi, kuma ita ce ta fi kusa da yajin da harshenmu ya saba. Fasikh, ruɓaɓɓen kifi mai gishiri, ku bar musu abinsu. Ma'aikatar lafiyarsu da kanta tana gargaɗi a kansa duk shekara. Kafin ku taso ka tambayi likita abin da aka hana Baba, musamman gishiri da mai.

Zirga-zirga a cikin gari da tasi mai launin baƙi da rawaya ake yi, ku yi ciniki kafin ku shiga, ko ka kira mota ta waya ka huta da musu. Ƙananan bas da suke kira mashru'u suna bin Kurnish dare da rana da araha, amma ba za su yi wa mai jinya daɗi ba. Taram ɗin garin tun 1863 yake, ana ta aikin sabunta layukan, in ka sami wanda yake aiki a tsohon gari ka hau ko tasha biyu ne. Kada ku tsallaka Kurnish ta sama a inda titin ya faɗaɗa, motoci ba sa tsayawa. Akwai hanyoyin ƙarƙashin ƙasa na masu tafiya a ƙafa, ku neme su ko da za ku ƙara taku. Yara za su iya kiran ku "samara" saboda launin fata, mafi yawa surutu ne, sallama da Larabci takan kashe maganar. Ka riƙe ƙananan kuɗi don mai ajiye takalmi a masallaci.

Ka sayi tikitin komawa tun ranar da kuka sauka, ka zaɓi jirgin hantsi na kwana guda kafin ranar ganin likita, don Baba ya sami dare ɗaya ya huta a Alƙahira. Magungunansa da takardun asibiti da lambar wayar likitan su kasance a jakar hannunka, ba a cikin akwatin da za ku bari a masaukinku na Alƙahira ba.